Tambaya Da Amsa: "Ai Ni Ba Haka Na Ce Ba"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Da na zauna duba saƙonnin da suka shigo wannan karon sai na tarar guda shida duk a rijiya ɗaya suke jan ruwa duk da masu su ba su san juna ba, kowa tambayarsa dai yaya zan ɗauki maganar wani in faɗe ta da bakina ba tare da na ci amanar mai ita ba. Toh abin ya taɓo ni sosai, don shekarun da na yi a ɗakin labarai na gidan rediyo aikina kenan safe da yamma, a miƙo maka maganar wani da Turanci a ce saura minti goma a shiga labarai ka mayar da ita Hausa. Shi ya sa na ajiye sauran tambayoyin sai fitowa ta gaba insha Allahu, masu su a yi min haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ajin ƙarshe a jami'a ina rubuta furojet, na kai wa sufabaiza na babi na biyu ya saka a Turnitin, manhajar da ke gano kamannin rubutu, ya ce kusan rabi duk ja ne in je in sake da kalmomina. Na dawo na yi kwana uku ina canza kalmomi ɗaya bayan ɗaya, wasu ma da manhajar sauya kalmomi ta QuillBot na canza, jan ya ragu sosai amma da ya karanta sai ya ce har yanzu satar fasaha ce. Dan Allah Malam me ake so in yi? Ni fa a ganina in dai kalmomin ba iri ɗaya ba ne ai shikenan. Daga ɗalibarka a Zariya.

AMSA: 'Yata sannu da fama, kwana uku a kan babi ɗaya ba wasa ba ne, amma gaskiya malaminki bai zalunce ki ba. Abin da kika yi kamar mutum ne ya ɗauki farar babbar rigar maƙwabcinsa ya kai marina aka tsoma ta a baba ta fito shuɗiya, launi kam ya canza amma ɗinkin na nan aikin wuyan na nan, mai riga ko daga nesa ya hango ta zai ce wannan tawa ce. Jimla ma tana da nata ɗinkin, wato abin da aka fara faɗa da abin da ya biyo baya da yadda aka ƙulla su, in kika bar wannan yadda yake kika canza kalmomi kawai to rini kika yi.

Bari in ba ki misali da Hausa ki gani da idonki. A ce littafin ya ce: "Idan ruwan farko ya sauka da wuri sannan aka yi fari na mako biyu ko uku, manoman gero da dama kan rasa shukarsu ta farko, abin da ke tilasta musu sayen iri karo na biyu a lokacin da ya fi tsada." Mai rini zai rubuta: "Idan ruwan fari ya zuba da sauri sannan aka samu ƙarancin ruwa na sati biyu ko uku, masu noman gero da yawa kan yi asarar shukarsu ta fari, lamarin da ke sa dole su sayi iri karo na biyu sa'ilin da ya fi tsada." Kin ga ai jimlar nan ce dai ba ta motsa ko taku ɗaya ba, kuma ki lura har ɓarna ta shigo, "da wuri" ya koma "da sauri", alhali saukar ruwa da wuri daban saukarsa da sauri daban, irin ta'asar da manhajojin nan ke yi kenan don kalma suke musanya wa da ƙanwarta ba ruwansu da gero. Wanda ya fahimci maganar kuwa zai iya cewa: "Marubucin ya nuna cewa abin da ke jefa manoman gero da dama cikin sayen iri sau biyu, na biyun ma da tsada, shi ne damina ta faɗi da wuri sannan ruwa ya ɗauke mako biyu zuwa uku har shukar farko ta mutu." Nan an kwance ɗinkin an sake, ta ƙarshe aka faro, amma ba a zubar da komai a hanya ba, "da dama" na nan bai koma "duka" ba, makonnin na nan yadda suke. Waɗannan ƙananan kalmomin irin su kan, wasu, galibi, mai yiwuwa, su ne suka fi saurin zubewa kuma su ne ke riƙe da gaskiyar maganar.

Yadda za ki yi shi ne ki karanta sakin layin sau biyu ko uku har ya zauna miki, ki kife littafin ko ki rufe laftof ɗin gaba ɗaya, ki tashi ki samu ƙanwarki ko Umma tana tsintar shinkafa ki ba ta labarin abin da kika karanta da Hausa, in kika ga kina inda-inda to ba ki gane ba tukuna ki koma ki sake karantawa. In ya fita sumul sai ki zauna ki rubuta shi da Turancinki ke kanki, komai sauƙinsa, sannan ki buɗe littafin ki gwada ki ga ko kin ƙara ko kin rage. Mu masu harshe biyu wannan gata ne gare mu, maganar da ta bi ta Hausa ta dawo da wuya ta dawo da ɗinkin mai ita. Kalmomin fanni kuma kar ki taɓa su, sunan cuta ko sunan ka'ida ba a nemo masa kishiya.

Sai babban abin da nake zaton shi malaminki ya fi nufi, ko kin sake jimla ta zama sabuwa fil tunanin ba naki ba ne, dole ki sa sunan mai shi da shekarar da ya wallafa kamar yadda tsarin ambaton madogara na APA ko wanda sashenku ke bi ya tanada, in kuma lafazin ne ya yi miki kyau har kina jin ba za ki iya taɓa shi ba to ki ɗauko shi yadda yake ki sa a alamar zance ki faɗi shafi, ba abin kunya ba ne. Turnitin kamanni kawai yake ƙirgawa, aiki zai iya fitowa fari tas kuma sata ce, wani ya fito da ja saboda sunayen littattafai da zantukan da aka ambaci masu su kuma halal ne.

TAMBAYA: Malam ina yawan tura hadisai a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan ajinmu, wani lokaci ina tuna ma'anar amma ba na tuna lafazin daidai sai in rubuta yadda na fahimta da Hausa. Wani abokinmu ya yi min magana a gefe ya ce ina wasa da wuta don yi wa Annabi (SAW) ƙarya nake. Wallahi tun ranar hankalina a tashe yake. Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Ɗana tashin hankalin nan naka alheri ne, kuma abokin da ya ja ka gefe bai tozarta ka a guruf ba ka riƙe shi da kyau. Wannan tambayar taka tsohuwa ce ƙwarai, malaman hadisi suna kiranta riwaya bil ma'ana kuma tun zamanin tabi'ai ake tattauna ta. A Basra kaɗai an yi manya biyu da suka rasu a shekara ɗaya, 110 bayan hijira, Muhammad bin Sirin yana cikin masu tsayawa kan lafazi harafi da harafi, Hasanul Basri kuma yana cikin masu riwaya da ma'ana, haka Sha'abi da Ibrahim Annakha'i a Kufa sun sassauta, Ƙasim bin Muhammad a Madina ya tsananta. Masu tsanantawa suna da hadisin da Annabi (SAW) ya yi addu'ar Allah Ya haskaka fuskar wanda ya ji magana daga gare shi ya kiyaye ta ya isar da ita kamar yadda ya ji. Mafi yawan malamai kuma sun tafi a kan ya halatta amma da sharaɗi mai nauyi, sai ga wanda ya san Larabci ciki da bai, ya san abin da ke sauya ma'ana da wanda ba ya sauyawa. Ibnus Salah wanda ya rasu 643 bayan hijira ya kawo wannan, ya ƙara da cewa sassaucin bai shafi abin da aka riga aka rubuta a littafi ba, ba ka da ikon canza lafazin littafin wani. Ibnu Hajar kuma ya kawo cewa daga mafi ƙarfin hujjar masu halattawa akwai haɗuwar malamai a kan ya halatta a yi wa waɗanda ba Larabawa ba bayanin shari'a da harshensu, ka ga ashe mu ɗin nan muna cikin maganar, duk hadisin da aka faɗa da Hausa ai ma'ana ce aka faɗa.

Amma akwai inda ba a taɓa lafazi sam, wato inda lafazin shi kansa ibada ne kamar kiran salla da tahiya da addu'o'in da aka koyar. Akwai hadisin Bara'u bin Azib a Bukhari da Muslim da nake so ka riƙe, Annabi (SAW) ya koya masa addu'ar kwanciya barci, a ciki akwai "wa binabiyyikal lazi arsalta", da Bara'u ya zo maimaitawa don ya hardace sai ya sa kalmar Manzo a gurbin Annabi, nan take aka gyara masa aka mayar da shi kan lafazin farko. Kalma ɗaya ce fa, kuma duka biyun gaskiya ne a kansa (SAW), amma ba a bar ta ta wuce ba. Alƙur'ani kuwa ba a ma maganarsa, shi ya sa a wurin tafsirin azumi za ka ga mai jan baki na gefe yana kawo ayar yadda ta sauka malam na fassarawa, ko fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ai tarjamar ma'anoni aka kira ta.

To kai yanzu ina ka tsaya? Tsoratarwar da ta zo a hadisi ta cewa mutum ya tanadi mazauninsa a wuta a kan wanda ya yi ƙarya da gangan ne, kai kuma ba ganganci ka yi ba, amma ka daina rubutawa daga ka. Su magabata da suka yi riwaya da ma'ana daga ƙirji suke ɗaukowa ba littafi a gabansu, kai kuwa wayar da kake rubutun da ita a cikinta za ka iya buɗe littafin ka duba cikin minti biyu, ko ka tura wa malamin unguwarku ya duba maka. In ka tabbatar hadisin ya inganta sai ka rubuta "ma'anar hadisin ita ce", ka faɗi wanda ya ruwaito, kuma ka yi koyi da Anas bin Malik wanda in ya gama faɗin hadisi yakan ce "au kama ƙala", wato ko kuma kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya faɗa. Abin da ya fi damuna da saƙonnin da ke yawo a guruf-guruf shi ne mutum ya kawo hadisi layi biyu sai ya zarce da nasa wa'azin layi goma ba tare da ya nuna inda hadisi ya ƙare ba, na gaba ya kwafa ya tura duka da sunan Annabi (SAW), malamai suna kiran maganar mai riwaya da ta cakuɗe da hadisi mudraj kuma sun sha wahala wajen tsince ta. Ka rufe hadisin, ka sauka layi, ka ce "ni kuma nasihata ita ce".

TAMBAYA: Malam Hajiyarmu ce ta aike ni wurin matar yayana cikin fushi, ta ce in gaya mata in ba ta iya zaman aure ba ta koma gidan ubanta ta koyo, wata guda kenan ba ta turo mata jikokinta sun gaishe ta ba. Ni kuma da na je sai na ce Hajiya na kewar yara ta ce a kawo su ranar Juma'a. Ƙawata ta ce ƙarya na yi kuma na ci amanar aike. Haka ne? Daga ƙanwarka a Gusau.

AMSA: Ƙanwata Allah Ya yi miki albarka da ba ki kwashi garwashin nan kin kai gidan yayanki ba, da kin faɗi maganar gidan uba yadda aka faɗa miki wataƙila da yanzu wani zancen ake. Akwai hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba a Bukhari da Muslim mai ma'anar cewa wanda ke gyara tsakanin mutane yana isar da alheri ko yana faɗin alheri ba shi ne maƙaryaci ba. Don haka abin da kika zubar a hanya ban ga laifinki ba ko kaɗan, Hajiya kanta in ta huce ba za ta so a ce an kai wannan kalmar ba.

Amma wuri biyu zan riƙe ki. Na farko Juma'ar nan daga ina ta fito? Hajiya ba ta sa rana ba ke kika sa mata a baki, gobe in matar ta zo ta ce Hajiya ga mu kamar yadda kika ce Juma'a, Hajiya ta ce ni yaushe, kin ga an fara zargin ɗan aike kuma daga ranar duk abin da kika kai sai an sa masa alamar tambaya. Da cewa kika yi "ni dai a shawarata ki kai su Juma'ar nan" da ranar ta zama taki. Na biyu kin cire ƙaya kin haɗa da nauyin saƙon kin cire, Hajiya ranta a ɓace yake ke kuma kin kai saƙon kewa, baiwar Allah za ta shiga gidan da dariyarta ba ta shirya ban haƙuri ba ta tarar da fuska a murtuke.

Ina da gwaggo Allah Ya jiƙanta, a zuri'armu duk saƙo mai zafi ita ake ba, ina yaro nakan bi ta riƙe da 'yar jakarta. Na ga ranar da aka aike ta da magana irin taki har da abin da ya fi haka muni, muka shiga ta zauna a tabarma aka kawo ruwa ta sha, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, sai da ta ɓare goro ta ba matar gidan rabi sannan ta ce "'yar nan uwarki fa ranta ya ɓaci ba kaɗan ba, ta faɗi maganganu na fushi waɗanda ba zan maimaita ba don na san ba har zuci ba ne, amma abin da take so shi ne kaza, kuma ni in ni ce ke ba zan bari rana ta faɗi ban je ba." Kin ji fa, ba ta ɓoye an yi fushi ba, ba ta ɓoye cewa ta rage wani abu ba, ta raba maganar mai aike da tata shawarar. Ban taɓa jin an ce gwaggo ta ƙara gishiri ba har ta koma ga Allah.

Sai dai akwai saƙon da ba a yi masa kwalliya ko ta alheri ce, maganar saki da bashi da wasiyya da sadaki. Saki musamman, malaman fiƙihu sun raba lafazinsa akwai sarihi wato na kai tsaye akwai kinaya wato na jirwaye kuma hukunci na rataye da ainihin abin da mijin ya furta wani lokaci har da niyyarsa, miji ya ce "ta je gida tukuna" ɗan aike ya je ya ce "ya sallame ki" an shiga wani hali. Irin wannan ki ce ya rubuta ko ya faɗa da bakinsa gaban shaidu, in an riga an rikice a tafi wurin malami ko alƙali da kalmomin yadda suka fito. Ki duba wurin ɗaurin aure mana, maroƙi duk iya zuƙi-ta-mallensa in aka zo faɗin sadaki abin da waliyyi da wakili suka faɗa shi yake ɗaga murya ya maimaita, naira ɗaya ba ya ƙarawa.

TAMBAYA: Malam ni kullum muka samu saɓani da maigida in na faɗi magana sai ya ce "wato kina nufin" sai ya kawo abin da ban taɓa tunani ba. Na ce kuɗin cefane ba sa isa, ya ce wato kina nufin na gaza. Na gaji wallahi. Daga wata uwargida a Kumasi.

AMSA: Uwargida ki yi haƙuri, abin na da ciwo a sa maka magana a baki sannan a hukunta ka a kanta. Kar ki bi shi cikin "na gaza" ɗin ki tsaya kare kanki, ki dawo da maganarki yadda take cikin sanyin murya, "ban ce ka gaza ba, cewa na yi kuɗin ba sa isa, ga abin da na saya jiya ga farashinsa." Maigida kuma in kana karantawa, "kina nufin kaza?" tambaya ce mai kyau in da gaske tambayar kake, ka yi ta ka yi shiru ka ji amsa, in ta ce a'a ba haka nake nufi ba to ita ce mai maganar ka karɓa.

TAMBAYA: Malam na fara aiki da wata jaridar intanet, edita ya soke min "wai" da "ya yi iƙirari" a labarina ya mayar da su "ya ce". Meye bambancin? Daga sabon ɗan jarida a Kaduna.

AMSA: Editanka ya san aikinsa ɗana. "Ya ce" da "in ji shi" da "a cewarsa" ba su ɗauki ɓangare ba, sun miƙa maganar sun koma gefe. "Wai" kuwa ai ka san yadda muke amfani da ita a gida, "wai shi ne zai gyara" tana zuwa da taɓe baki, mai karatu zai ji kana ce masa kar ka yarda. "Ya yi iƙirari" ma shakka ce a ciki. "Ya amsa cewa" ko "ya amince cewa" kuma akasin haka, kana nuna abin gaskiya ne da ma ɓoyewa yake. "Ya caccaki" da "ya yi kaca-kaca da" waɗanda suka cika kanun labarai yanzu, sau da yawa in ka saurari muryar za ka tarar mutumin cewa kawai ya yi bai gamsu ba.

Ni abin da ya koya min wannan darasin ba zan manta shi ba. Ina sabon shiga wani jami'i ya ce gwamnati na duba yiwuwar fara biyan bashin 'yan fansho a wata mai zuwa, ni kuma ga sauri ga son jimla ta yi gajarta na rubuta gwamnati za ta fara biya a wata mai zuwa, aka karanta a labaran yamma. Bayan kwana biyu wani dattijo ya zo ƙofar gidan rediyon da takardunsa a cikin leda baƙa ya ɗaure da kyauron roba, daga ƙauye ya taso, rancen kuɗin mota ya yi, yana tambayar a wane ofis za a je a rubuta suna don shi ya ji da kunnensa a rediyo. Ni aka turo in yi masa bayani. Bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce "to ɗana ai da kun faɗa mana dubawa ake", ya gyara ledarsa a hammata ya juya. Kalma biyu na cire. Tun ranar in na gama rubuta maganar wani sai in ɗauka yana tsaye a bayana yana leƙa takardar, in na ji zai ce ai ni ba haka na ce ba sai in goge, kai ma ka gwada, kuma ka riƙa ajiye muryar da ka naɗa kar ka goge da wuri.

TAMBAYA: Malam ni nake kai mahaifiyata asibiti, likitan ba ya jin Hausa ni nake tafinta. Inna takan yi dogon bayani ni kuma in taƙaita masa, sai ta riƙa cewa ba na faɗin duk abin da ta ce. Ni kuma gani nake ɓata lokaci ne ga layi a waje. Daga wani ɗan kasuwa mazaunin Legas.

AMSA: Alhaji Allah Ya ba Inna lafiya Ya saka maka da alheri, amma a nan ita ce da gaskiya. Gaban likita ba wurin taƙaitawa ba ne don ba kai ne ka san wanne ne muhimmi ba, abin da ka ɗauka surutun tsufa ne, cewa ciwon ya fi tashi da asuba ko bayan ta ci abinci ko ƙafarta ta fi kumbura da yamma, wataƙila shi likitan ke jira. Ka ce mata ta riƙa faɗa gaɓa-gaɓa tana tsayawa kana juyawa, ba zai ci lokacin da kake tsoro ba.

Inda za ka sake fasalin magana dole shi ne salon Hausarmu, don in ka juya shi kalma da kalma za ka ɓatar da likita. Inna ta ce zuciyarta na tashi, amai take ji ba ciwon zuciya ba. Ta ce jikinta ya mutu, kasala ce da rashin ƙarfi. Ta ce shawara, ka tambaye ta idonta ne ko fitsarinta ya yi rawaya ko me ta gani. Ta ce sanyi ke damunta kuwa kar ka kuskura ka fassara sai ka tambaye ta wane iri, don sanyi a bakin iyayenmu zai iya zama ciwon gaɓoɓi, zai iya zama mura, zai iya zama matsalar mata. Ka gaya wa likita abin da take ji a jiki da inda take jinsa, sunan cutar ka bar masa. Kuma in ta ce ta sha jiƙo ko sassaƙe ko wani maganin da maƙwabciya ta ba ta kar ka haɗiye don kunyar kar likita ya yi faɗa, ka faɗa, in da hali ma ka tafi da ragowar a leda ya gani, akwai magungunan da ba sa haɗuwa da juna.

Haka in maganar ta juyo daga likita zuwa gare ta, ƙwaya nawa, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayansa, kwana nawa, wannan lissafi ne a faɗe shi yadda yake kuma a rubuta a jikin kwalin, sannan kafin ku tashi ka ce Inna maimaita min yadda za ki sha, in ta faɗa daidai ka san ya shiga. Abu na ƙarshe, akwai abin da uwa ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗanta namiji ba ko ciwon zai kashe ta, balle in kai ne ɗan fari. In ka ga ta fara kewaye-kewaye tana cewa "dai-dai dai" tana kallon ƙasa, ka nemi nas mace mai jin Hausa ko ka kira ƙanwarka a waya ka miƙa mata, kai kuma ka fita ka jira a baranda.